Tallafin Karatu na Al'umma Ga Masu Shiga Manyan Makarantu: Tambayoyi da Amsoshi

Ɗaliban da suka kammala sakandare da iyayensu sukan zuba ido ga tallafin gwamnati ko na manyan gidauniyoyi, alhali akwai wani tallafin da ya fi kusa da su, wanda mutanen da suke zaune tare da su ne ke tara shi kuma su raba shi. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda aka fi yi game da shi, daga ɓangaren masu nema da kuma masu son kafa asusu.

Mene ne tallafin karatu na al'umma, kuma me ya bambanta shi da sauran?

Kuɗi ne da jama'ar wani gari, ko unguwa, ko sana'a, ko wurin ibada suke tarawa domin ɗaukar nauyin karatun 'ya'yansu bayan sakandare, ko dai gaba ɗaya ko wani ɓangare. Gwamnati tana raba nata tallafin bisa doka da kasafin kuɗi ga dukkan 'yan ƙasa ko 'yan jiha, jami'a kuma tana ba da nata ga waɗanda ta riga ta ɗauka domin ta jawo masu ƙwazo ko ta riƙe masu ƙaramin ƙarfi. Na al'umma kuwa sharaɗinsa na farko shi ne alaƙa: mai nema ya kasance ɗan wannan wuri, ko ya yi karatu a wannan makaranta, ko iyayensa suna cikin wannan ƙungiya. Saboda haka masu zaɓe sukan san ɗalibin ko su san wanda ya san shi. Daga wannan kusanci ne amfanin tsarin ya samo asali, kuma daga gare shi ne mafi yawan matsalolinsa suke tasowa.

Su wane ne suke bayar da shi?

Ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai, da ƙungiyoyin ci gaban gari, da masallatai da majami'u, da ƙungiyoyin ƙwadago da na 'yan kasuwa, da ƙungiyoyin gama kai na manoma, da rassan ƙungiyoyin hidima irin su Rotary da Lions, da 'yan gari mazauna ƙasashen waje waɗanda ke aiko da gudummawa gida. Akwai kuma iyalan da ke kafa asusu da sunan wani mamacinsu. A wasu ƙasashe irin waɗannan ƙananan asusu suna taruwa a ƙarƙashin gidauniyar gari guda ɗaya, wadda ke juya kuɗin, ta karɓi takardun masu nema, ta kuma biya makarantu a madadin masu asusun.

Shin wannan sabon tsari ne?

Ya girmi tallafin gwamnati nesa ba kusa ba. A ƙasashen Musulmi wakafi ne ya daɗe yana ciyar da ɗalibai da ba su masauki. A Azhar ta birnin Alƙahira, wadda aka gina a ƙarni na 10, ɗalibai baƙi suna zama a sassa bisa ƙasashen da suka fito, ana kuma ciyar da su daga wakafin da aka keɓe wa kowane sashe. A tsakiyar ƙarni na 13 mutanen daular Kanem ta yankin Tafkin Chadi sun ba da kuɗi aka gina makarantar Ibn Rashiƙ a Masar, inda mutanensu ke sauka, kuma suka ci gaba da aika mata da dukiya. Wannan shi ne tallafin al'umma a ainihinsa: jama'a su tara domin ɗansu da ya tafi nesa neman ilimi.

A zamanin mulkin mallaka ƙungiyoyin ƙabilu da na garuruwa a Afirka sun yi irin wannan aiki. A 1938 Ƙungiyar Ibibiyo ta kudu maso gabashin Najeriya ta tura rukunin matasa karatu a ƙasashen waje da kuɗin da jama'a suka tara, cikinsu har da Udo Udoma, wanda ya karanci shari'a a Dublin, daga baya ya zama Babban Jojin Yuganda, sannan alƙali a Kotun Ƙolin Najeriya. A Kenya, lokacin da ɗan siyasa Tom Mboya ya shirya jigilar ɗalibai zuwa Amurka, jirgin farko ya tashi a 1959 da ɗalibai 81, kuma da yawa daga cikin iyalansu sun haɗa guzuri ne ta hanyar karo-karon dangi da maƙwabta. Wangari Maathai, wadda ta sami lambar Nobel ta zaman lafiya a 2004, tana cikin waɗanda suka tafi a 1960.

A Amurka tsarin ya ɗauki wata siffa ta hukuma. A 1914 wani lauya kuma ma'aikacin banki, Frederick Goff, ya kafa Gidauniyar Cleveland, wadda ake ɗauka a matsayin gidauniyar gari ta farko a duniya, Kanada kuma ta bi sahu da ta Winnipeg a 1921. A 1958 wani likitan ido mai suna Irving Fradkin a garin Fall River na jihar Massachusetts ya roƙi kowane mutum a garin ya ba da dala ɗaya tak domin 'ya'yan garin su shiga kwaleji. Wannan yunƙuri ya zama Dollars for Scholars, ya bazu zuwa garuruwa masu yawa, kuma daga gare shi ne ƙungiyar Scholarship America ta samo tushe.

Tunda yawancin kuɗin ba su da yawa, sun cancanci wahalar nema kuwa?

Sun cancanta, saboda dalilai biyu da ɗalibai ba su cika lura da su ba. Na farko, gasar ƙarama ce. Tallafin da aka buɗe wa ƙasa baki ɗaya yakan jawo dubban masu nema, wanda aka keɓe wa ɗaliban makaranta ɗaya ko gunduma ɗaya kuwa masu nemansa ba sa wuce waɗanda kwamiti zai karanta takardunsu a zama ɗaya ko biyu, wani lokaci ma shekara takan wuce ba a sami wanda ya cika sharaɗi ba saboda ba a ji labari ba. Na biyu, abin da ke fitar da ɗalibi daga makaranta sau da yawa ba babban kuɗi ba ne. Ragowar kuɗin rajista da ya hana shi zana jarrabawa, ko kuɗin ɗakin kwana, ko kwamfutar da darasi ya wajabta, ko kuɗin mota zuwa wurin koyon aiki, su ne ke katse karatun wanda ya riga ya yi nisa. Ƙaramin tallafi da ya zo a kan kari yana toshe irin wannan ɓaraka, kuma idan ɗalibi ya haɗa biyu ko uku sai su zama abin a zo a gani.

Akwai wani amfanin da ba a ƙirga shi da kuɗi. Wanda ya taɓa cin tallafi ɗaya yana da abin rubutawa a takardar neman na gaba, kuma ya san mutanen da za su iya yi masa shaida ko su nuna masa hanyar samun wurin koyon aiki.

Sai mai shiga jami'a kaɗai ake ba wa?

A'a. Da yawa suna karɓar ɗaliban kwalejin kimiyya da fasaha, da kwalejin horar da malamai, da makarantun aikin jinya da ungozoma, da cibiyoyin koyon sana'a, muddin hukuma ta amince da makarantar. Wasu ma an kafa su ne musamman domin manya da suka koma karatu bayan aure ko bayan shekaru suna aiki.

Me aka fi dubawa, ƙwazo ko buƙata?

Ya danganta da nufin wanda ya kafa asusun, kuma wajibi ne mai nema ya karanta wannan nufi kafin ya cike fom. Akwai asusun da ke duban sakamakon jarrabawa kawai, akwai wanda ke duban halin gida, mafi yawa kuwa suna haɗa biyun tare da hidimar da ɗalibi ya yi wa jama'a. Wasu sharuɗɗan suna da ƙunci ƙwarai, kamar a ce sai 'yar da za ta karanci aikin likita, ko maraya, ko mai buƙata ta musamman, ko wanda shi ne na farko a gidansu da zai shiga babbar makaranta. Irin waɗannan ne ya kamata wanda ya dace da su ya fara nema, domin abokan takararsa kaɗan ne.

A ganinmu, asusun al'umma da ya dogara da maki kaɗai yana barin aikin da shi ya fi kowa iya yi. Ɗalibin da ya fi kowa maki yana da ƙofofi da dama a buɗe, wanda kuwa ya sami matsakaicin sakamako alhali yana aiki bayan tashi daga makaranta domin taimakon gida, babu mai ganin ƙoƙarinsa sai mutanen da suka san gidan. Akwai ma garuruwan da suka zaɓi su daina tacewa gaba ɗaya. A watan Nuwamba na 2005 wasu masu ba da taimako da suka ɓoye sunayensu suka kafa shirin Kalamazoo Promise a garin Kalamazoo na jihar Michigan, wanda ke biyan kuɗin karatun duk wanda ya kammala makarantun gwamnati na garin: cikakken kuɗi ga wanda ya fara tun daga ajin share fage, da kashi 65 cikin 100 ga wanda ya shigo a aji na 9. A 2007 kamfanin Murphy Oil ya yi alkawarin dala miliyan 50 domin irin wannan shiri a garin El Dorado na jihar Arkansas. Ba kowace al'umma ke da wannan ƙarfi ba, amma darasin a fili yake, wato yaron da ya san tun yana ƙarami cewa akwai kuɗin karatunsa yana kallon makaranta da wani ido daban.

A ina ake samun labarin irin wannan tallafi?

Wuri na farko shi ne ofishin shugaban makarantar sakandare ko malamin ba da shawara, domin can masu asusu suka fi aika sanarwa. Daga nan sai sakataren ƙungiyar tsofaffin ɗalibai, da shugabannin wurin ibada, da ƙungiyar ma'aikata ta wurin aikin iyaye, da ofishin kula da harkokin ɗalibai na makarantar da za a shiga. Binciken intanet yana taimakawa, amma ƙananan asusu da yawa ba su da shafi, sanarwarsu takan tsaya a allon makaranta, ko gidan rediyon yanki, ko zauren WhatsApp na ƙungiya. Don haka tambaya da baki ta fi bincike amfani a nan. Ya kamata a fara tun farkon shekarar ƙarshe ta sakandare, a kuma rubuta ranar rufe kowanne a wuri ɗaya, domin kwamitocin sa-kai ba su cika duba takardar da ta makara ba.

Waɗanne takardu ake buƙata?

Galibi ana neman sakamakon jarrabawa, da takardar samun gurbin karatu ko shaidar rajista, da shaidar zama a yankin ko ta kasancewa ɗan ƙungiya, da katin shaida, da wasiƙar shaida ɗaya ko biyu, da bayanin da ɗalibi ya rubuta game da kansa. Inda ake duban buƙata, za a nemi bayanin abin da gida ke samu. Abu ɗaya da ke kayar da mutane ba gaira ba dalili shi ne saɓanin suna ko ranar haihuwa tsakanin takardu, kuma gyara shi yana ɗaukar lokaci, saboda haka a duba tun da wuri.

Me zan rubuta a bayanin kaina?

A nan ne aka fi cin nasara ko faɗuwa, domin maki da takardu sukan yi kama da juna, rubutun ne ke bambanta mutum da mutum. Masu karantawa 'yan sa-kai ne, da yawansu tsofaffin malamai ko 'yan kasuwa da ke duba takardu bayan sun tashi aiki, kuma sun riga sun karanta jimlar nan ta "ina son in taimaki al'ummata" har sun gaji da ita. Abin da ke tsayar da su shi ne takamaiman bayani: wane fanni za ka karanta, me ya kai ka gare shi, nawa karatun zai ci a shekara, nawa gida zai iya ɗauka, kuma wane giɓi ne wannan tallafi zai cike. Idan ka taɓa koyar da ƙananan yara a lokacin hutu, faɗi darasin da ka koyar da abin da ka lura da shi a wurinsu. Idan sakamakonka ya yi ƙasa a wata shekara saboda rashin lafiya ko rasuwa a gida, ambata shi a jimla ɗaya ko biyu, sannan ka nuna yadda ka farfaɗo.

Bayyana talauci ba abin kunya ba ne inda buƙata ce sharaɗi, amma ƙari a kai haɗari ne, musamman a gaban kwamitin da wani a cikinsa zai iya sanin gidanku. Haka kuma ba daidai ba ne wani ya rubuta maka, ko ka miƙa abin da manhajar kwamfuta ta tsara maka daga farko har ƙarshe. Ana iya kiran ka ganawa, kuma ba a ɗaukar minti biyar kafin a gane cewa mai magana da mai rubutu ba mutum ɗaya ba ne. Neman malami ya duba maka kurakurai kuwa babu laifi a ciki. Idan za a aika rubutu ɗaya ga asusu da dama, a gyara shi ya amsa tambayar kowanne, a kuma tabbata ba a bar sunan wani asusun a ciki ba.

Wa ya kamata ya rubuta mini wasiƙar shaida?

Wanda ya san aikinka, ko da ba shi da babban muƙami. Wasiƙar malamin da ya koyar da kai shekara biyu, wanda zai iya faɗin abin da ya gani da idonsa, ta fi ta babban mutumin da sakatarensa ya buga masa layi uku ya sa hannu. Ba a karɓar ta dangi. A ba marubucin makonni biyu ko uku, tare da bayanin asusun da ranar rufewa.

Ta yaya za a tabbata ba 'ya'yan 'yan kwamiti ne kawai ke samu ba?

Wannan ita ce tambayar da ta fi damun jama'a, kuma tana da tushe. Inda kowa ya san kowa, son kai yana shiga ba tare da an yi niyyarsa ba: ɗan kwamiti yana ganin sunan ɗan abokinsa sai ya ji ya fi yarda da shi. Asusun da ke son ya daɗe yana kare kansa da ƙa'idoji rubutattu. Ana bayyana sharuɗɗa da yadda ake raba maki tun kafin a buɗe nema, ana cire sunaye a saka lamba a zagayen farko na tacewa, mutum biyu ko uku suna duba kowace takarda kowa shi kaɗai, duk wanda ke da dangantaka da mai nema yana bayyana ta ya fita daga zaman, ana kuma sauya 'yan kwamiti bayan wa'adi. A Amurka wata doka ta 2006 ta tanadi cewa a asusun tallafin da ke ƙarƙashin gidauniyar gari, mai ba da kuɗin da mutanensa ba za su mallaki ikon kwamitin zaɓe ba. Hikimar tana aiki a ko'ina: wanda ya ba da kuɗi yana da ikon faɗin irin ɗalibin da yake so a taimaka, amma bai kamata shi kaɗai ya nuna mutum ba, domin daga nan kyauta ce ta ƙashin kansa aka lulluɓe da sunan al'umma.

Cire sunaye yana da iyaka, domin ya ci karo da abin da muka ambata a baya na sanin halin gida. Hanyar da ta fi dacewa ita ce a tace ba suna har a sami jerin ƙarshe, sannan a yi ganawa da tabbatar da bayanai a kan waɗanda suka rage.

Ana ba ɗalibi kuɗin a hannu ne, kuma me zai iya biya da su?

Mafi yawan asusu suna biyan makaranta kai tsaye bayan an kawo shaidar rajista, wasu suna raba kuɗin zango-zango, wasu kuma suna ba ɗalibi su nemi rasit. Takardar ba da tallafi ce ke faɗin abin da aka yarda a kashe a kai, ko kuɗin makaranta kaɗai, ko har da littattafai da masauki da abinci. Dokar haraji ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. A Amurka, misali, abin da ɗalibin digiri ya kashe a kuɗin makaranta da littattafan da darasi ya wajabta ba a biyan haraji a kansa, amma na masauki da abinci ana ƙirga shi cikin kuɗin shiga.

Zan iya haɗa tallafi biyu ko fiye?

Galibi ana iyawa, sai dai idan ɗayansu ya hana a rubuce, kuma ɓoye wani tallafin ga wanda ya tambaya dalili ne na janye nasa. Amma akwai wata matsala da ya kamata a sani. Wasu makarantu, idan suka ga ɗalibi ya zo da tallafi daga waje, sai su rage nasu da daidai wannan adadi, ta yadda ɗalibin bai ƙaru da komai ba, kuɗin al'umma kuma ya koma aljihun makaranta. Abin ya yi ƙamari a Amurka har jihar Maryland ta kafa doka a 2017 da ta taƙaita shi a manyan makarantun gwamnati, wasu jihohi ciki har da Kalifoniya suka biyo baya. Kafin a karɓi tallafi, a tambayi ofishin kuɗi na makaranta yadda za su lissafa shi, a kuma roƙi a fara rage bashin karatu ko giɓin da ya rage kafin a taɓa tallafin kyauta. Idan hakan bai yiwu ba, wasu asusu sukan yarda su ajiye kuɗin zuwa shekara mai zuwa.

Na shekara ɗaya ne ko har a kammala? Idan na faɗi wani darasi fa?

A tambayi wannan tun ranar farko. Yawancin ƙananan asusu na shekarar farko ne kawai, domin bikin ba da kyauta ga sababbin ɗalibai ya fi jan hankalin masu ba da gudummawa, alhali a shekara ta biyu da ta uku ne wahala ke tsananta, lokacin da gudummawar dangi ta ƙare kuma kayan aikin darasi suka ƙaru. Wanda ake sabuntawa yakan zo da sharaɗin ci gaba da karatu na cikakken lokaci, da riƙe wani matsakaicin maki, da miƙa sakamako kowace shekara. Faɗuwa a darasi ɗaya ba lallai ta yanke tallafi ba. Abin da ke yanke shi shi ne shiru. Ɗalibin da ya sanar da kwamiti da wuri cewa ya yi rashin lafiya, ko zai sauya fanni, ko zai dakata zango ɗaya, yakan sami uzuri da wa'adin gyara, wanda ya ɓace har aka neme shi kuwa ya riga ya zubar da yardar da aka yi masa.

Akwai abin da zan biya daga baya?

Tallafi na gaskiya ba bashi ba ne. Sai dai wasu ƙungiyoyi suna ba da rance marar ruwa wanda ake mayarwa bayan an fara aiki domin a taimaki na baya, wasu kuma suna gindaya sharaɗin dawowa a yi wa yankin aiki na wasu shekaru, musamman ga masu karatun likita da jinya da koyarwa. Duka biyun halal ne idan an faɗa tun farko, kuma duk wanda zai sa hannu ya karanta abin da zai biyo baya idan ya kasa cika sharaɗin. Ban da wannan, wasiƙar godiya da ɗan rahoton yadda karatu ke tafiya ba wajibi ba ne a takarda, amma su ne abin da sakatare ke karanta wa masu ba da gudummawa idan lokacin tara kuɗin baɗi ya yi.

Yaya zan gane na damfara?

Duk wanda ya nemi kuɗin fom mai yawa, ko kuɗin "sakin" tallafi, ko ya ba da tabbacin nasara tun kafin a tace, ko ya sanar da kai ka ci abin da ba ka nema ba, a guje shi. Babu mai ba da tallafi da ke buƙatar lambar sirri ta katin banki ko lambar tabbatarwa da banki ke turowa a waya. Asusun al'umma na gaskiya yana da mutane da ake iya zuwa a gani, da ɗaliban baya da ake iya tambaya.

Idan al'ummarmu tana son kafa nata asusu, daga ina za ta fara?

Daga rubuta nufi: wa za a taimaka, da me, har tsawon wane lokaci. Sannan a yi rajista bisa dokar ƙasa, a buɗe asusun banki da sunan ƙungiya mai masu sa hannu fiye da ɗaya, a raba masu riƙe kuɗi da masu zaɓen ɗalibai, a kuma riƙa karanta wa jama'a lissafin shiga da fita kowace shekara.

Shawara mafi nauyi ita ce ko za a riƙa raba abin da aka tara duk shekara, ko za a kafa jari a riƙa cin ribarsa. Gidauniyoyin da ke da jari na dindindin sukan kashe kashi 4 zuwa 5 cikin 100 a shekara, wato jarin miliyan ɗaya, a kowane irin kuɗi, yana ba da dubu 40 zuwa 50 ne kawai. Wannan yana dawwama amma yana farawa a hankali, kuma inda hauhawar farashi ke da ƙarfi, kuɗin da aka ajiye tsabarsu suna narkewa, shi ya sa masu wakafi tun da suka fi son gida ko shago ko gona da ake karɓar hayarsu. Raba abin da aka tara nan take yana taimakon mutane da yawa yau, amma yana mutuwa da zarar masu zafin nama sun gaji ko sun tsufa. Ƙungiyoyi da dama suna haɗa hanyoyin biyu. Kowace aka zaɓa, kada a ɗauki ɗaliban da suka fi ƙarfin abin da za a iya kai wa ƙarshe, domin ɗalibi uku da aka raka har suka karɓi takardar kammalawa sun fi goma da aka saki a tsakiyar hanya.

Kuɗi kaɗai kuma ba sa isa. A 1981 attajiri Eugene Lang ya yi wa ɗalibai 61 na aji shida a wata makarantar firamare ta East Harlem a birnin New York alkawarin kuɗin kwaleji, sannan ya lura cewa sai an haɗa da mai bibiyar yaran da taimaka musu a darussa kafin su kai ga ƙofar kwalejin. Asusun al'umma yana da arzikin da ya dace da wannan aiki, wato tsofaffin ɗalibansa, waɗanda za a iya haɗa kowannensu da sabon ɗalibi ɗaya.

Ana iya amfani da zakka ko wakafi a wannan aiki?

Wakafi da sadaka ƙofarsu a buɗe take, ana bin sharaɗin mai bayarwa ne kawai. Zakka kuwa tana da rukunan masu karɓa guda takwas da aka ambata a aya ta 60 ta Suratut Tauba, kuma malamai da yawa sun halatta ba wa ɗalibi matalauci saboda talaucinsa. Don haka ba a zuba ta a tallafin da ake bayarwa bisa ƙwazo kaɗai, kuma ƙungiyar da ke karɓar ta tana buƙatar ta ware ta a lissafi dabam, ta nemi fatawar malaman da ta amince da su.

Ba a zaɓe ni ba. Zan iya sake nema?

A mafi yawan asusu ana iyawa, kuma akwai waɗanda aka keɓe wa ɗaliban da suka riga suka shiga shekara ta biyu ko sama, inda masu nema suka fi ƙaranci saboda mutane sun ɗauka lokacin nema ya wuce. A rubuta wa sakatare cikin ladabi a tambayi abin da ya rage a takardar, a kuma tambaya ko akwai jerin masu jira, domin wani lokaci wanda aka zaɓa yakan sami wani tallafin mafi girma ko ya fasa shiga makarantar, sai gurbinsa ya koma ga na bayansa.